Murya Akwai, Manaja Ne Babu: Darasin Audu Maikori Ga Mawaƙan Ƙasar Kabi

Ƙasar da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, wadda Ambursa ke zaune a bakin hanyarta, ba ta taɓa rasa mawaƙi ba. A fadar Argungu Aliyu Ɗandawo ya yi zamaninsa yana waƙe Sarkin Kabi kafin zama ya kai shi Yawuri, ɗansa Sani kuma ya ɗauki gadon ya zagaya da shi fadojin Arewa. Muhammadu Gambu na Fagada ya yi waƙoƙin da har yau manazarta adabi ke tafka muhawara a kansu. Ga makaɗan da ke zuga masunta a kogin Matan Fada, ga na 'yan kokawa da 'yan dambe da manoma. Jikokin waɗannan mutane su ne yau ke zaune gaban kwamfuta da fiyano a ƙananan situdiyo, suna buga waƙar biki da ta soyayya da ta siyasa da ta yabon Manzo.

To amma duk yaron da ya ji muryarsa ta nuna, abin da ke ransa shi ne motar Kano ko ta Kaduna. Wanda ya zauna gida kuwa, sana'arsa takan tsaya ga liƙin biki da jiran kakar zaɓe. Mutane kan ɗora laifin a kan rashin kayan aiki ko rashin tallafin gwamnati. A ganina giɓin ya fi girma a wani wuri: babu mutumin da zai tsaya bayan mawaƙi ya riƙe masa takarda da lissafi da kasuwa. Wato manaja. Domin mu ga abin da mutum ɗaya irin wannan ke iya yi, da kuma inda yake iya karkacewa, babu misalin da ya fi kusa da mu kamar na Audu Maikori, lauyan da ya ɗauki samarin Jos ya mai da su taurarin Afirka.

Abin da tsohon tsari ya tanada da abin da ya bari

Makaɗin Hausa bai taɓa tafiya shi kaɗai ba. Yana da 'yan amshi, yana da masu kiɗa, yana da sanƙira mai share masa fage, mai shelar kyauta, mai tuna wa ubangida cewa hannu bai motsa ba tukuna. Sama da kowa akwai ubangidan kansa, sarki ko hakimi ko attajiri, wanda ke ba da riga da doki da hatsi da gida, daga baya har da mota da kujerar Makka. Tsari ne da ya dace da zamaninsa. Waƙa ba ta samuwa sai inda mawaƙi yake, saboda haka wanda ya ji ta a nan take yake biya, magana ta ƙare.

Da rediyo da faifan garmaho da kaset suka shigo, sai waƙa ta koyi tafiya ba tare da mai ita ba. Ana jin Narambaɗa a Kumasi, ana jin Ɗanƙwairo a Maraɗi, ana jin Shata a duk tashar motar da Bahaushe ya taka, alhali su suna gida. Kuɗi na sauya hannu a kan muryarsu, amma a cikin ayarin makaɗi babu wanda aikinsa shi ne bin sawun wannan kuɗi. Sanƙira ya iya karɓar abin da aka miƙo a gaban jama'a, bai san hanyar karɓar abin da aka sayar a bayan ido ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Ɗanmaraya Jos a 2015. Mai karatu ya buɗe YouTube ya rubuta sunan kowane daga cikinsu, ya ga yawan tashoshin da ke ɗauke da waƙoƙinsu, sannan ya tambayi kansa nawa ne daga ciki ke da takardar izini daga magada.

Mawaƙin zamani ya gaji wannan giɓi, ya kuma ƙara da nasa. Tun zamanin fim ɗin Sangaya, wajajen shekarar 2000, waƙar fiyano ta Hausa ta taso ne a gindin fim. Furodusa ya sayi waƙa, ya biya sau ɗaya, ta zama kayan fim ɗinsa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su buga su sayar. Jarumin da ya hau waƙar shi ake gani, mai muryar kuwa sau da yawa sai an yi tambaya kafin a san sunansa. Da kasuwar faifai ta mutu, masu tura waƙa a waya suka karɓe ta. Ubangida ya sauya kama daga sarki zuwa furodusa zuwa ɗan siyasa, amma ƙa'idar tana nan: a biya ka yau, ka manta da gobe.

Lauyan da ya shiga harkar kiɗa

An haifi Audu Maikori a 1975, ɗan asalin Kwoi ne a kudancin Kaduna. Ya karanta shari'a a Jami'ar Jos, ya zama lauya, ya fara aiki a Abuja. Chocolate City suna ne da ya samo asali daga wata ƙungiyar nishaɗi ta zamanin ɗalibta, kafin shi da ɗan'uwansa Yahaya Maikori da abokinsu Paul Okeugo su mai da shi kamfanin waƙa a 2005. Abin lura shi ne Maikori ba mawaƙi ba ne, ba kuma attajirin da ya shigo don a ambaci sunansa a baiti ba ne. Jarinsa shi ne sanin doka da iya rubuta yarjejeniya da sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Mawaƙin da kamfanin ya fara fitarwa shi ne Jeremiah Gyang, kuma waƙar da ta fito da shi, Na Ba Ka, waƙar yabon Ubangiji ce ta Kirista da aka gina a kan Hausa. Ta karɓu a gidajen rediyon Kudu, a bakin mutanen da ba su san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen da ake yi cewa Hausa ba ta sayuwa a ƙetaren Kwara. Bayansa sai M.I Abaga, wanda kundinsa na farko, Talk About It, ya fito a 2008, ya kuma ci kyaututtuka biyu na MTV na Afirka a 2009. Sai ƙanensa Jesse Jagz, sai Ice Prince, wanda waƙarsa Oleku ta mamaye ƙasar nan a 2010, ya kuma karɓo kyautar BET a Amurka a 2013. Shi kansa Maikori hukumar British Council ta karrama shi a 2007 a matsayin matashin ɗan kasuwar kiɗa na shekara. A 2015 ya sauka daga kujerar gudanar da sashen waƙa ya miƙa wa M.I, a 2019 kuma kamfanin ya ƙulla haɗin gwiwa da Warner Music, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin waƙa uku na duniya.

Jos ta daɗe da basira kafin Maikori. A can aka haifi 2Baba, a can P-Square suka tashi, a can Ɗanmaraya ya yi rayuwarsa da kuntiginsa. Abin da Maikori ya ƙara abu uku ne. Na farko, ya ɗauki waƙa a matsayin dukiya mai takarda, wadda ake iya ba da hayarta ga kamfanin waya ko gidan talabijin ko mai talla ba tare da an rabu da ita ba. Na biyu, ya gina mawaƙa a matsayin gida guda, wannan ya fito a waƙar wancan, wanda ya riga ya yi suna ya ja hannun na baya, har sunan kamfanin ya zama shaida a kunnen mai saurare. Na uku, ya iya zama da manyan kamfanoni ya yi musu magana da harshen da suke ji, na lissafi da adadin masu saurare da wa'adin aiki. Mawaƙin da ya shiga ofishin kamfani shi kaɗai roƙo ya je yi. Wanda ya shiga da lauya ciniki ya kai shi.

Inda labarin ya yi ɗaci

Wanda zai kwaikwayi Maikori ya kamata ya duba kuɗin da aka biya kafin a kai ga wannan nasara. Na farko, domin samarin su kai inda suka kai, sai da suka tattara suka koma Legas. Kamfanin da ya fara da waƙar Hausa ya girma ne da Turanci da Burokan, Hausa ta koma ado da ake yafawa nan da can. Jos ta samu alfahari, Legas ta samu haraji da situdiyo da ayyukan yi. Ba a kan Maikori aka fara ba. Berry Gordy ya kafa Motown a birnin Detroit na Amurka a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa, ya tara yaran unguwa ya mai da su taurarin duniya, sannan a 1972 ya kwashe kamfanin ya koma Los Angeles. Manajan yanki idan ya yi ƙarfi, abu na farko da kasuwa ke raɗa masa shi ne ya bar yankin.

Na biyu, takarda kaifi biyu gare ta. Brymo, wanda muryarsa ce ke ɗauke da amshin Oleku, ya sanar da barin Chocolate City a 2013. Kamfanin ya ce wa'adin yarjejeniya bai cika ba, magana ta kai kotu, har aka sami lokacin da umarnin kotu ya hana shi fitar da waƙa. Ba hurumina ba ne in raba musu gardama. Abin da ya shafe mu shi ne yarjejeniyar da ke kare mawaƙi daga ɓarayin waje ita ce kuma ke iya ɗaure shi a cikin gida, musamman idan lauyan da ya rubuta ta shi ne mai kamfanin, yaron kuma ya sa hannu a lokacin da yunwar suna ta rufe masa ido.

Akwai wanda ya bi wata hanyar. Youssou N'Dour na Senegal ya zagaya duniya, amma a Dakar ya kafa situdiyonsa Xippi da kamfaninsa Jololi, da Wolof kuma ya ci gaba da waƙa. Duniya ce ta riƙa zuwa Dakar neman sa. Manajan da ƙasar Kabi ke bukata shi ne mai ilimin Maikori da zaman gida irin na N'Dour.

Abin da ya faru a Sakkwato

Ga wanda ke ganin duk wannan labarin nesa ne, ga na maƙwabta. A 2008 wani matashin Ba'abzine daga yankin Tawa a Nijar, Mdou Moctar, ya shigo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a situdiyo irin wanda ake buga waƙoƙin fim ɗin Hausa, da salon gyaran murya irin namu. Kundin bai shiga kasuwa ta hanyar da aka saba ba. Waƙoƙin sun yi ta yawo daga waya zuwa waya har Mali da Muritaniya, ba suna, ba sisi. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya a cikinsu, ya sa ta a kundin da ya tattara na waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011, ya bi sawu har ya gano mai ita. A 2021 Mdou Moctar ya fitar da kundin Afrique Victime a ƙarƙashin kamfanin Matador na Amurka, yana cika dandali a Turai.

A Sakkwato aka dafa wannan murya, tafiyar 'yan sa'o'i daga Ambursa. Mai situdiyo ya karɓi kuɗin aikinsa na rana ya sallami baƙo. Sai da mutum ya taso daga wata nahiya kafin a ga abin da ke ciki. Haka kuma da Namenj da DJ AB suka nuna alamar tashi, kamfanin emPawa na Mr Eazi ne ya miƙo musu hannu. Na waje sun ga kasuwar waƙar Hausa, mu masu ita muna kallonta a matsayin wasan yara.

Manomin fadamar Ambursa ya fi kowa fahimtar wannan lissafi. Ya san tazarar da ke tsakanin farashin shanshera a bakin gona da farashin shinkafar da ta bi ta injin Labana a Birnin Kebbi ko na WACOT a Argungu ta fito a buhu mai tambari. Gumin nasa ne, amma ribar tana wurin mai casa da mai buhu da mai kai wa kasuwa. Mawaƙinmu shanshera yake sayarwa.

Hujjojin masu cewa ba zai yiwu ba

Za a ce mutanenmu ba sa sayen waƙa, turawa suke yi a waya. Gaskiya ne, amma kasuwar ta sauya. Yau wanda ya kalli waƙa a YouTube bai biya mawaƙi kai tsaye ba, mai talla ne ya biya, kuma kamfanin na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da ta hau bidiyonsa. Audiomack da Boomplay sun zauna da gindinsu a wayoyin matasa, Spotify ya shigo Nijeriya a 2021. Abin da kallo ɗaya ke kawowa a nan bai kai na Turai ba, amma kuɗi ne da ke ɗiga kowane wata muddin waƙar na raye, kuma yana zuwa ne ga wanda ya yi rajistarta da sunansa. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta nuna a 2020 cewa waƙar Hausa na iya tsayawa da ƙafarta ta karaɗe duniya ba tare da ta jingina da fim ba.

Za a kuma ce ɗan siyasa ya fi kowace manhaja biya, waƙa ɗaya ta kamfen na iya kawo mota. Wannan ma gaskiya ne, Dauda Kahutu Rarara shaida ne. Sai dai mutum nawa wannan rumfa ke ɗauka? Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ranar da ubangida ya faɗi zaɓe ko ya sauya sheƙa, waƙar ta mutu, wani lokaci har da mutuncin mai ita. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin Rarara shi ne abin da ya yi a 2020, lokacin da ya nemi masoya su tura masa naira dubu-dubu kafin ya saki sabuwar waƙar Buhari, jama'a kuma suka tura. Ko mutum na son waƙar ko ba ya so, an ga cewa talaka na iya zama ubangidan mawaƙi idan aka tsara masa hanyar biya. Tsara wannan hanya aikin manaja ne.

Sai maganar mutunci da doka. Iyaye da yawa a ƙasar Gwandu da Argungu na ƙyamar ɗansu ya zama mawaƙi domin suna ganin roƙo ne. Wanda ke da rajistar kamfani da asusun banki da farashi sananne ya fita daga sahun maroƙa, ya shiga na masu sana'a. Ta fuskar hukuma kuwa, Kano ta ishe mu darasi: an ɗaure Adam A. Zango a 2007, an kama Aminu Ala a 2009, an kama Naziru Sarkin Waƙa a 2019, duk a kan batun tace waƙa. Manajan kirki ya san dokar garin da yake aiki, ya san abin da al'ummarsa za ta ɗauka da wanda ba za ta ɗauka ba, yana kuma da lambar lauya tun kafin a zo ƙofa.

Abin da ke hannunmu

Jihar Kebbi na da abin da Jos ba ta da shi. Tana iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Daga Kamba zuwa Gaya da Dosso, daga Lolo zuwa Malanbil, kunne ɗaya ne ke sauraren Hausa da Zabarmanci da Dandanci da Fulatanci. Tana da bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ya kuma dawo a 2020 bayan kimanin shekara goma a dakace. Tana da Uhola a Zuru da Rigata a Yawuri. Tana da dubban ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Waziri Umaru da jami'ar Aliero da Kwalejin Adamu Augie ta Argungu. Filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a Ambursa yake. Wanda ya iya haɗa waɗannan ya fitar da jadawalin wasanni na shekara, ya nemo kamfanin waya ko na shinkafa ya ɗauki nauyi, bai da dalilin kwashe yaransa zuwa Legas.

Doka ma ta share fage. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi cewa miƙa haƙƙin waƙa ga wani ba ya inganta sai a rubuce, kuma kariyar waƙa na ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ma'ana waƙar da yaro ya buga yau gado ce ga 'ya'yansa, in bai sayar da ita a kan kuɗin cefane ba.

Saboda haka ga abin da ya kamata kowane mawaƙi ya gani a takarda kafin ya sa hannu. Shekara nawa za a yi tare. Kashi nawa manaja zai ɗauka, kuma abin da aka saba a duniya tsakanin 15 zuwa 20 cikin 100 ne. Sunan wa ke kan tashar YouTube da asusun da kuɗi ke shiga. Wa ya mallaki asalin sautin da aka ɗauka, yaushe kuma zai dawo hannun mai shi. Mene ne rabon mai kiɗa da 'yan amshi. Yaushe ake buɗe littafin lissafi. Ta wace ƙofa ake fita idan zama ya ƙi daɗi. A rubuta da Hausa, a karanta a gaban shaidu, kuma lauyan mawaƙi ya zama daban da na manaja.

Gwamnatin jiha ba sai ta raba motoci ba. Ta ware wa mawaƙan gida fage a bikin Argungu, ta biya su da yarjejeniya kamar yadda take biyan ɗan kwangila. Masarautar Argungu da ta Yawuri su haɗa kai da iyalan Ɗandawo a tattara waƙoƙin uba da ɗa, a adana kwafi a gidan tarihi na Kanta, a yi musu rajista da sunan magada.

Kirana na ƙarshe ga matasanmu ne da suka karanta shari'a ko akanta ko kasuwanci suna zaune suna jiran takardar ɗaukar aiki. Audu Maikori na da shekara 30 lokacin da suka kafa kamfaninsu, kuma da mawaƙi ɗaya suka fara. A unguwarku akwai yaron da kowa ya yarda ya iya waƙa. Ku je ku same shi da iyayensa, ku rubuta takarda ta adalci, ku fara aiki daga nan gida.